Abin da Mairo Ta Faɗa Kafin Ta Yi Barci

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, Ya yalwata miki makwancinki. Ni ce 'yarki Asabe. Ina rubuto miki ne daga ɗakin kwanan ɗalibai na asibitin koyarwa, inda nake karatun aikin sa marasa lafiya barci kafin a yi musu tiyata. Saura wata biyu in kammala. Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba, kuma ko kina raye sai dai in zauna in karanta miki. Zan sa ta a shafina na intanet inda jama'a za su gani, domin abin da ke cikinta na daɗe ina ɓoyonsa, kuma ɓoyon ya ishe ni.

Shekara shida ke nan da rasuwarki. Gidanmu na Kontagora yana nan, Yaya Sani ne a ciki da iyalinsa. Bishiyar lemon da kika dasa a bakin rijiya ta fi katanga tsawo yanzu.

Inna, bari in fara da laifin da na yi miki, don daga can komai ya taso.

Ina aji uku a firamare na manta kwanon abincina a gida, kika biyo ni da shi har makaranta. Kika tsaya a bakin ƙofar aji kika ce, "Asabe, ka manta abincinka." Ajin ya fashe da dariya. Ke da kika tashi da Kambarci a ƙauyenku na wajen Nasko, sai da aure ya kawo ki Kontagora kika koyi Hausa, ba ki taɓa damuwa da bambancin ka da ki ba. Har ƙarshen zangon nan sunana a makaranta Ka Manta. Da na dawo gida ran nan na same ki kina tankaɗe. Na ce kada ki ƙara zuwa makarantarmu, kuma kada ki ƙara yi mini yare. Ba ki ɗago kai ba. Kika ce, "To, na bari." Kuma kika bari ɗin.

Abin da ya rage mini na harshenki bai cika tafin hannu ba. Gaisuwar safe, sannu da zuwa, sunan ruwa, sunan gishiri, sai kalmar da kike kiran kunu da ita lokacin ina ƙarama.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ke, Hausa ta gudu daga bakinki gaba ɗaya. Wata huɗu kina magana da Kambarci kawai. A lokacin na riga na zama nas. Na iya juya ki don kada bayanki ya yi gyambo, na iya auna jininki, na iya ba ki magani a cokali. Amma sai ki riƙe hannuna ki yi ta magana, kina kallon cikin idona, ni kuwa ban san me kike cewa ba. Sai in gyaɗa kai in yi murmushi. A bakin gadonki na koyi gyaɗa kai ga maganar da ban ji ba, kuma na ga yana kwantar da hankalin mai maganar.

Bayan rasuwarki aka mai da ni ɗakin tiyata. A can na haɗu da Baba Mamman, dattijon nas da ya yi shekaru yana sa mutane barci a asibitinmu na Kontagora. Shi kaɗai ne mai wannan ilimin a wurin. Ranar da ba shi da lafiya babu tiyata. Ni nake miƙa masa kaya, ni nake riƙe hannun mara lafiya lokacin da yake tura allura. Idan mutanen ƙauyukanku suka kawo mara lafiya, nakan gaishe su da ɗan abin da na sani, fuskarsu ta saki. Daga nan ma'aikata suka ɗauka ina jin yaren. Aka fara cewa, "A kira Asabe, ai 'yar gida ce." Ban taɓa gyara musu ba. Abin da na guje wa ina yarinya ya zama abin yabo, sai na rungume yabon. Yawanci akwai ɗan rakiya mai jin Hausa a kusa, asirina bai taɓa tonuwa ba.

Shekara uku da suka wuce, da damina, aka kawo wata mata mai suna Mairo. Ba za ta wuce shekara talatin ba. Maƙoƙo ne ya fito mata a wuya, ya girma har tana naɗe shi da ɗankwali biyu. Ta zo da mijinta da mahaifiyarta, wata 'yar tsohuwa mai ƙaramin jiki. Mijin ne kaɗai mai jin Hausa, irin ta kasuwa. Aka sa ranar aiki, aka gaya wa mijin kada ta ci komai daga tsakar dare. Kin san dalili, Inna? Mutumin da aka sa barcin tiyata ba ya iya tari, ba ya iya haɗiya. Idan akwai abinci a cikinsa, yana iya tasowa ya zuba cikin huhu. Da safe nas ɗin ɗaki ta tambayi mijin, ya ce ba ta ci komai ba. Shi a gidan ɗan'uwansa ya kwana a cikin gari, bai sani ba.

Wajen ƙarfe takwas aka shigo da ita. Tana kwance a kan tebur, idonta yana bin fitilar sama. Baba Mamman yana haɗa allurai, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Asabe, ke da kike jin yarensu, ƙara tambayarta ko ta sa wani abu a baki."

Na sunkuya na gaishe ta da gaisuwarki. Inna, da kin ga yadda fuskarta ta canja. Ta kama hannuna. Na yi mata tambayar da Hausa, ina nuna bakina da cikina. Sai ta yi ƙasa da murya ta yi magana mai ɗan tsawo, kamar mai gaya wa 'yar'uwa asiri. A duk maganar kalma ɗaya na kama, kalmarki ta kunu. A ƙarshe muryarta ta ɗaga, alamar tambaya.

Na gyaɗa mata kai. Na yi murmushi. Na juya na ce wa Baba Mamman, "Yunwa take ji. Kunu take so."

Ya ce, "In an gama ta sha har ta ƙoshi."

Ta saki hannuna, ta sauke ajiyar zuciya, ta lumshe ido tun kafin allurar ta shiga.

Maganin ya kama ta. Baba Mamman ya buɗe bakinta zai zura robar numfashi, amma maƙoƙon ya ture maƙogwaron gefe, robar ba ta shiga nan take ba. A cikin ɗan lokacin nan kunu ya taso. Kunun gyaɗa ne, fari, mai kauri, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Muka kifa kanta gefe, muka kunna injin zuƙa, muka yi duk abin da ake yi. Likita ya cire safar hannu, ya ce an fasa aiki. Ta farka tana tari, numfashinta yana ƙara. Kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ta. Aka sa mata iska, aka ba ta magunguna. Rana ta uku da hantsi, ana cikin neman motar da za ta kai ta babban asibiti, ta cika. Wuƙa ba ta taɓa ta ba. Da maƙoƙonta aka binne ta.

Tun ranar farko tsohuwar ta amsa cewa ita ta ba ta kunun da asuba, don ta ga 'yarta na rawar jiki. Baba Mamman, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya yi musu faɗa a baranda har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce da an faɗi gaskiya, ai ɗage aikin za a yi zuwa yamma ko gobe, shi ke nan. Ranar rasuwar kuma mijin ya tsaya a kan tsohuwar a gaban jama'a, ya yi mata maganar da ko ban ji yaren ba na san nauyinta. Tana tsugune a gindin bango, ta ɗora hannu biyu a ka. Ina tsaye ga ni ga ta. Na wuce na bar ta da laifin. A takardar asibiti aka rubuta cewa dangi sun ɓoye.

Na samu wurin ɓuya a cikin zuciyata. Na riƙa gaya wa kaina wataƙila roƙon kunun take yi da gaske, wataƙila ƙari take so. Tunda ban ji ba, ai ban sani ba. Shekara biyu na zauna a wannan ramin.

Amma maganar ba ta bar ni ba, Inna. Ban san ma'anarta ba, amma na haddace ta tsaf, da karin muryarta, da inda ta tsaya ta ja numfashi, da inda ta ɗaga a ƙarshe. Tana zuwar mini ina alwala. Tana zuwar mini a cikin kasuwa, a bayan mashin. Na daina shan kunun gyaɗa, ko a azumi.

Da gurbin ƙaro karatu ya fito, Baba Mamman ya kawo mini takardar da kansa. Ya ce gwiwoyinsa sun gaji, kuma ba ya so ya tafi ya bar garin babu mai sa barci. Ya ce bai ga mai natsuwa kamata ba. Na karɓa. Na yi jarrabawar shiga, aka yi mini tambayoyi baki da baki, na ci. Na ɗauka idan na koyi aikin sosai zan biya abin da na ɓata.

Karatun shekara ɗaya da rabi ne, kuma ba wasa. Mu da muka yi shekaru muna aiki, wasu da 'ya'ya a sakandare, muka koma benci. Mun koyi yadda kowane magani yake bi a jiki, da yadda ake lissafa shi da nauyin mutum, da yadda ake lalubo gurbin allura a tsakanin ƙasusuwan baya. Akwai mutum-mutumin roba da muke koyon zura robar numfashi a kansa, ɗalibai suka sa masa suna Malam Shiru. Sai da na zura masa har yatsuna suka iya ba tare da tunanina ba, sannan aka bar ni na taɓa mai rai, malami na tsaye a kafaɗata. Kafin kowane aiki ɗalibi yakan je ya zauna da mara lafiya ya yi masa tambayoyi. Ni nakan yi tambayar abinci sau uku, ta hanya uku. Idan mutum ba ya jin Hausa ko Turanci, ba na sa hannu sai an nemo mai jin yarensa, ko da likita zai yi ta duba agogo. Abokan karatuna suna kirana 'yar sanda. Suna ganin ƙwazo ne.

Kuma duk lokacin da na tura allura na ga fatar idon mutum ta yi nauyi, sai in ji muryar Mairo a daidai kunnena na hagu, inda na sunkuya mata.

Babbar malamarmu sunanta Malama Rabi, mace ce marar yawan dariya. Takan ce, "Wanda kika sa barci ya ba ki ajiyar tarinsa da haɗiyarsa. Har ya farka, ke ce su." Wata rana a wata na bakwai ta ce za mu gwada abin da ake yi idan mara lafiya ya yi amai yana barci. Ta fito da filas daga jakarta, ta ce da abin gaske za a koya. Ni aka fara kira. Ina riƙe da kan Malam Shiru ta tsiyaya masa a baki. Kunun gyaɗa ne, da ɗuminsa.

Ba zan iya gaya miki tsawon lokacin da na tsaya ba. Injin zuƙa yana hannuna yana ƙara, ni kuwa ina kallon fuskar roba. An ce sau huɗu ta kira sunana. Sai ta sallami ajin, ta rufe ƙofa, ta jawo kujera. Na gaya mata komai, tun daga kwanon abinci. Ita ce mutum ta farko da ta ji. Ban samu lallashi a wurinta ba. Ta tambaye ni ko na tabbatar da abin da matar ta ce. Na ce ban sani ba. Ta ce, "To je ki sani. Ba zan sa hannu a takardar wadda ta fi son rashin sani ba."

Da aka ba mu hutu na wuce Kontagora ban ko kwana biyu ba. Na hau motar Nasko da sassafe, yadda mutane suke ba da shawara saboda halin hanya, daga can mashin ya shiga da ni cikin gonakin dawa har ƙauyenku. Rabona da wurin tun ina goye a bayanki. Ƙanwarki Iya Larai tana sussukar gero a tsakar gida. Da ta ɗago, Inna, sai na ga kamar ke ce. Goshinki ne, wushiryarki ce.

Bayan ta ba ni ruwa na ce ina da wata magana a baki da nake so ta fassara mini. Na karanto mata maganar Mairo. Ta yamutsa fuska ta ce in sake. Sau uku na maimaita, tana gyara mini wasu wurare. Ta ce da Hausarta irin taki, "Cewa ta yi, uwata ta ba ni kunu da asuba, na sha rabin ƙoƙo. Babu laifi ko, 'yar gidanmu?"

Ta tambaye ni amsar da na ba ta. Na ce na gyaɗa kai.

Iya Larai ba ta zage ni ba. Ta ci gaba da sussukarta, ni kuma na zauna a kan wani turmin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki. Da na natsu na tambaye ta abin da kike faɗa a watannin ciwonki. Ta ce ita mako ɗaya kawai ta yi a wurinmu, sauran ya tafi da ke. Amma a makon nan, in ji ta, yawanci tambaya kike ko na ci abinci, don kin ga na rame.

Da na koma Kontagora na je gidan Baba Mamman. Na same shi a zaure yana shafa man zafi a gwiwa. Na gaya masa ban taɓa jin Kambarci ba, na gaya masa abin da Mairo ta ce. Ya ajiye man zafin. Ya ce sama da shekara biyu yana tuhumar hannunsa, yana cewa da ya fi haka sauri. Ya ce kuma ya yi wa tsohuwa tsawa a gaban mutane. Na ɗauka zai ce in ajiye karatun. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Ni ma ban taɓa tambayarki ko kina ji da gaske ba. Daɗi ya yi mini in samu mai ɗauke mini nauyi." Sannan ya ce in je a gyara abin da aka rubuta a takardar matar, zai raka ni. Mun je tare. An kira ni gaban shugabanni, na faɗi abin da na faɗa miki, an rubuta mini gargaɗi a fayil ɗina. Yana nan, kuma daidai ne ya zauna.

Tun daga lokacin kullum bayan la'asar Iya Larai takan hau tudun bayan gari inda waya take kamawa, ta koya mini. Na fara da tambayoyin aikina. Me kika ci, yaushe, ko kina da ciki, ko wani magani ya taɓa yi miki illa. Sannan na koyi yadda ake cewa ban gane ba, sake faɗa. Wannan ta fi kowace wuya a bakina. Tana dariya tana cewa ina magana kamar mai tauna tsakuwa. Ita ce kuma ta yi ta cigiya a kasuwanni har ta gano inda mahaifiyar Mairo take, a wata ruga ta manoma gaba da ƙauyenku, wurin ɗanta.

Da hutun babbar Sallah muka je. Mun same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta ƙara ƙanƙancewa. Ba ta gane ni ba. Na durƙusa na faɗi abin da na yi wata biyar ina haddacewa, da bakina, da harshenki. Na ce ni ce nas ɗin da ke tare da 'yarki. Ta gaya mini ta sha kunu. Ban ji yaren ba, na yi kamar na ji.

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Ta sa na maimaita. Sai ta juya wurin Iya Larai ta yi magana mai tsawo, ita kuma tana mayar mini da Hausa kaɗan kaɗan. Ashe bayan ta ba ta kunun, ta ja mata kunne kada ta gaya wa kowa, don kada a kore su a ce su dawo wani watan, ga shuka na jiransu. Shekara uku tana ganin da hannunta ta ba ta, da bakinta kuma ta hana ta faɗa. Tsohuwar ta ce, "Ashe ta faɗa. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta iya ɓoye abu ba."

Na roƙe ta gafara. Ba ta ce ta yafe ba, Inna, ba zan ƙara wa maganarta abin da ba ta faɗa ba. Ba ta kuma tsine mini ba. Ta kama wuyan hannuna da yatsunta masu kaushi, ta dube ni sosai, ta faɗi wata gajeriyar magana. Kafin Iya Larai ta buɗe baki na riga na ji, don kalmomin suna cikin waɗanda na koya. Cewa ta yi, "Da ni kaɗai ce. Yanzu mu biyu ne."

Mun zauna tare har inuwar rumbun ta matsa. Na taya ta ɓarar gyaɗar.

Muryar Mairo ba ta daina zuwa ba. Jiya ma na ji ta, ina sa wani dattijo barci. Bambancin kawai yanzu na san abin da take tambaya, kuma na san amsar da ya kamata in ba ta: akwai laifi, 'yar gidanmu, tashi mu koma ɗaki, sai gobe. Ina faɗa mata a zuciyata kowane lokaci, ko da yake ta riga ta lumshe ido.

Malama Rabi ta sa hannu a takardata makon jiya. In Allah Ya yarda, bayan jarrabawa zan koma Kontagora in karɓi aiki daga hannun Baba Mamman. Ina jin tsoro, Inna. Ina ganin tsoron ba zai tafi ba, kuma na daina roƙon ya tafi.

Ki yafe mini, uwata. Kin zo da kwano har bakin aji don kada in wuni da yunwa, na saka miki da rufe miki baki a cikin gidanki.

Ya Allah Ka jiƙan mahaifiyata, Ka haskaka kabarinta, Ka haɗa ta da masu jin maganarta. Ka jiƙan Mairo, Ka sa wahalar kwana ukun nan ta zama kankarar zunubi a gare ta. Ka sanyaya zuciyar tsohuwar da ta haife ta, Ka raya 'ya'yan da ta bari. Ka ba Baba Mamman lafiya da hutu. Duk wanda zai kwanta a gabana ya ba ni ajiyar numfashinsa, Ya Allah Ka ba ni ikon mayar masa da ita, Ka kuma hana ni kunyar cewa ban gane ba. Amin.

Wassalam.

Ni ce 'yarki mai kewarki,
Asabe